Ina Masu Hawan Dutse Ke Ajiye Igiya Idan Babu Wurin Tsayawa?

Wani mai sauraronmu daga Jos ya ce ya ga masu hawan dutse a talabijin suna reto a jikin dutse, yana tambayar inda suke ajiye doguwar igiyarsu.

To Malam, mun gode. Dutsen El Capitan da ke Yosemite a Amurka ya kai kimanin mita 900, igiya kuwa galibi mita 60 ce ko 70. Saboda haka ake hawa zango-zango, mutum biyu. Na gaba ya hau, ya ɗaure kansa a ƙarafunan da ya kafa a jikin dutse, ya riƙa janyo igiyar yayin da ɗan'uwansa ke tahowa.

A wani zangon ko wurin sa ƙafa babu. Idan na gaban ya bar igiyar tana lilo, iska na iya kaɗa ta ta maƙale a tsaga. Sai ya riƙa ninke ta, hagu da dama, bisa guntuwar igiyar da ke riƙe da shi. Yakan fara da dogayen ninki, kowane na gaba ya fi guntu, don kada su sarƙe wajen warwarewa.

Idan ɗan'uwan ne zai wuce gaba, bakin igiyarsa na saman tarin, sai tafiya. In kuwa na gaban ne zai ci gaba da jagoranci, dole a kifa tarin tukuna.