Ziyarar Gandun Dajin Tafkin Kainji: Darasi a Kan Sunayen Namun Daji

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ɗalibin Hausa na yau yana iya rattabo sunayen namun daji masu yawa daga tatsuniya da karin magana da kirari, har ya ci jarrabawa a kansu, amma in aka tsayar da shi gaban gwanki da kanki aka ce ya bambance su, sai ido ya raina fata. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a nuna cewa ziyarar gandun daji wani reshe ne na nazarin harshe da adabin baka. An ɗauki Gandun Dajin Tafkin Kainji a matsayin misali, domin yana maƙwabtaka da ƙasar Yawuri, kuma akwai Hausawa masunta da 'yan kasuwa zaune a gaɓar tafkin.

2.0 Tafkin da Gandunsa

Tafkin Kainji aikin hannun ɗan Adam ne. An fara gina madatsar ruwa a kan kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968, domin samar da wutar lantarki. Da ruwa ya taru sai ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya miƙe har ƙasar Yawuri. Fiye da mutum dubu 40 aka tasa daga garuruwansu da tsibiransu, cikinsu har da Gungawa, aka sake musu matsuguni. Tsohon garin Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, yana ƙarƙashin ruwa, shi ya sa aka gina Sabuwar Busa.

Shi kuwa gandun, an same shi ne a ƙarshen shekarun 1970, sa'ad da aka haɗe dajin Bargu da ke yamma da tafkin da na Zugurma da ke gabas, aka mayar da su hannun Gwamnatin Tarayya. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 5,340, kuma ɓangaren Bargu ne mafi girma. Itatuwan da suka fi yawa su ne doka da kawo da taura da maje da kaɗanya, ga kuma dogayen ciyayi irin su gamba. Kogin Oli ne ya ratsa ɓangaren Bargu. Da rani yakan tsinke ya bar gurabun ruwa nan da can, kuma a bakin waɗannan gurabu ne dabbobi ke taruwa.

3.0 Kalmomin Ziyara

Kafin a shiga daji, ya kamata a dubi kalmomi guda biyu. Ta farko ita ce "gandu". A asali gandu babbar gona ce da iyali ke nomawa tare, ko kuwa gonar sarki. Da zamani ya zo da keɓe daji a hana farauta da sara, sai aka faɗaɗa ma'anar kalmar aka ce "gandun daji", wato daji mai mai shi, wanda ba a shiga sai da izini. Wannan baƙon abu ne ga tunanin Bahaushen da, wanda a wurinsa dawa ta maharba ce da mafarauta da iskoki, sai fa Sarkin Dawa ko Sarkin Baka da ke da ta cewa.

Ta biyu ita ce "safari", wadda duniya ke kiran irin wannan tafiya da ita. Kalmar Suwahili ce, ta samo asali daga Larabci, kuma daga wannan tushe ne Hausa ta sami "safara". To, amma safarar Bahaushe ta fatauci ce. Tafiya takanas don a kalli dabba a dawo hannu rabbana ba ta da suna a tsohuwar Hausa, sai daga baya aka ƙirƙiro "yawon buɗe ido".

4.0 Yadda Ake Kallon Namun Daji

Mai wannan rubutu ya taɓa zuwa ɓangaren Bargu tare da 'yan ajinsu lokacin yana makarantar sakandare. An kai mu da rani, domin da damina ciyawa takan rufe komai, hanyoyi kuma su ɓaci. Da asuba ake fita a mota, ko kuwa da la'asar sakaliya, saboda da rana tsaka dabbobi na kwance a inuwa. Ma'aikacin gandu yana tare da mu da bindigarsa, kuma ya gindaya mana sharuɗɗa: ban da surutu, ban da sauka daga mota sai ya ce, ban da kusantar gurbin da dorina take, musamman mai ɗa.

Ba mu yi nisa ba sai ga garken wasu jajayen dabbobi a bakin ruwa. Muka ɗauka gaba ɗaya, "Barewa! Barewa!" Ma'aikacin ya yi murmushi ya ce, "Samari, wannan mariya ce." Can gaba muka ga wata ƙatuwa mai dogayen kunnuwa, muka sake cewa barewa. Ya ce gwanki ne. Mu wajen talatin, duk Hausa muka tashi da ita, amma suna ɗaya tak muke da shi ga dabbobin da kakanninmu suka bambance ɗaya bayan ɗaya.

5.0 Suna da Mai Suna

Ga kaɗan daga cikin bambance-bambancen da ido ke koya wa mai ziyara. Mariya ja ce, tana tafiya garke-garke kusa da ruwa, namijin ne kaɗai ke da ƙaho. Gwanki ya kusa doki girma, fuskarsa baƙi da fari, ƙahoninsa sun tanƙwara baya, mace da namiji duk suna da su. Kanki doguwar fuska gare shi, kafaɗarsa ta fi ƙugunsa tudu. Gwambaza mai kaurin gashi ne, ba ya nisa da ruwa. Mazo yana da zane da ɗigo-ɗigon fari a jiki, shi kaɗai yake yawo cikin sarƙaƙiya. Gada kuwa 'yar ƙarama ce, da ta ji motsi sai ta faɗa duhuwa. Barewa ta ainihi dabbar arewa ce, mai son fili da ƙarancin ruwa.

Wani abin lura shi ne, sunan kansa sau da yawa bayani ne. Kwantarafi ya sami sunansa daga ɗabi'arsa ta laɓewa cikin ciyawar bakin rafi, ba ya zabura sai an kusa taka shi. Haka nan kirarin da ake yi wa jarumi, "gwanki sha bara", ba ya shiga kai sosai sai mutum ya san cewa gwanki dabba ne mai taurin rai, wanda in aka ji masa rauni yakan juyo ya kare kansa da ƙaho. Wanda ya san wannan, in ya ji an kira wani gwanki, ya san abin da maroƙi ke nufi.

Sai dai ba kullum adabi ke dacewa da abin da ke dawa ba. Kurar tatsuniya matsoraciya ce, wawuya, mai jiran mushe, alhali kuwa masu nazarin dabbobi sun tabbatar cewa kura mai dabbare-dabbare ita ke kashe mafi yawan abin da take ci. Ke nan tatsuniya ta ari jikin kura ne ta zuba halin mutum a ciki. Mai nazari ba zai gane inda aka yi aron ba sai ya san dabbar.

6.0 Abin da Ke Neman Kuɓucewa

Namun dajin nan suna ƙarewa. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, a wurare huɗu kacal, biyu daga ciki su ne Kainji da Yankari. Farautar sata da shigar da shanu da saran itace sun daɗe suna cin gandun. Daɗin daɗawa, tun farkon shekarun 2020 'yan bindiga suka sami maɓoya a cikinsa, har ziyara ta zama abin tsoro.

In dabba ta ɓace, sunanta ba ya daɗewa a bakin mutane. Da farko yakan zauna a karin magana ba tare da an san kamanninta ba, daga nan sai karin maganar ma a daina jin daɗinsa, a bar shi. Yau yara nawa ne za su iya faɗin mene ne batsiya ko kyarkeci?

7.0 Kammalawa

An ga yadda ziyarar gandun daji ke haɗa suna da mai suna, da yadda take buɗe ma'anar kirari, ta kuma nuna inda tatsuniya ta rabu da zahiri. Tun da hanyar Kainji ba ta biyuwa cikin kwanciyar hankali a halin yanzu, shawarar da za a bayar ita ce kada a zauna jira. Har yanzu akwai tsofaffin maharba a ƙauyukanmu, akwai kuma Sarkawa a gaɓar tafkin da suka san ayu da dorina da kada kamar tafin hannunsu. Ya kamata kowane ɗalibi, in ya je hutu, ya nemi ɗaya daga cikinsu da na'urar ɗaukar magana da hotunan dabbobi, ya rubuto suna da kamanni da kirari, da yadda ake faɗinsu a karin harshen yankinsa. In sashenmu ya tattara waɗannan wuri guda, to, ranar da daji ya lafa aka koma Oli, ƙannenmu ba za su kira gwanki barewa ba.