Yadda Ake Mayar da Sautin Talabijin Mai Intanet Zuwa Risibar Silimar Gida

Gabatarwa

Sau da yawa magidanci kan sayi akwatin talabijin mai intanet, ya sayi risiba da lasifikoki biyar ko shida, ya jona wayoyi yadda ya ga sun shige, amma da ya kunna fim sai hoto ya fito sarai, lasifikoki kuwa su yi tsit. Abin da ke ƙara ɗaure masa kai shi ne, idan ya kunna dikoda ko na'urar faifai sauti yakan cika ɗaki, idan kuma ya buɗe YouTube ko Netflix a cikin talabijin sai ya koma jin 'yar siririyar muryar akwatin. Daga nan wasu ke yanke hukunci cewa kayan jabu aka sayar musu, har su sake kashe kuɗi ba gaira ba dalili. A mafi yawan lokaci babu abin da ya lalace. Matsalar ta alƙiblar da saƙo ke bi ce a cikin waya, kuma wannan darasi zai bayyana ta tare da hanyoyin warware ta.

Me Ya Sa Muryar Talabijin Ba Ta Wadatarwa?

Sauti girgizar iska ce. Lasifika tana da wani faifai mai kama da mazurari wanda ke kai da kawo, yana tura iska yana janyo ta. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin girgiza daga 20 zuwa kusan 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Girgiza mai sauri ita ke ba da siririn sauti irin na sarewa, mai jinkiri kuma ita ke ba da kauri irin na tambari ko tsawa. Da yake sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, igiyar sauti mai girgiza 50 tana kai kusan mita 7 a tsawo. Fitar da irin wannan sauti yana buƙatar tura iska mai yawa, wato babban faifai da akwati mai zurfi. Talabijin na zamani kuwa an siranta shi har kaurinsa bai wuce 'yan santimita ba, saboda haka babu gurbin babbar lasifika a cikinsa. Dalilin da ya sa ake neman taimakon risiba ke nan.

Mece Ce Risiba?

Risibar da ake nufi a nan daban take da risibar tauraron ɗan Adam, wadda aka fi sani da dikoda. Ita wannan na'ura ce mai aiki uku. Na farko, tana karɓar saƙo daga na'urori dabam-dabam ta zaɓi wanda ake so. Na biyu, tana warware sautin da aka dunƙule ta raba shi rassa-rassa. Na uku, tana ƙara wa kowane reshe ƙarfin lantarki ta aika shi ga lasifikarsa.

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake rubutawa 5.1. Lamba 5 tana nufin lasifikar hagu da ta dama a gaba, da ta tsakiya wadda ke ɗaukar yawancin maganar 'yan wasa, da biyu na gefe ko baya. Lamba 1 kuma reshen kaurin sauti ne, wanda bai wuce girgiza 120 a daƙiƙa ba. Tsarin ya shahara ne daga gidajen silima: an fito da Dolby Digital a 1992 tare da fim ɗin Batman Returns, sannan DTS ya biyo baya a 1993 tare da Jurassic Park.

Tushen Matsalar

A tsarin da aka saba, saƙo yana gudana ne kamar ruwan kogi, daga tudu zuwa gangare. Dikoda ko na'urar faifai ita ce mafari. Tana aika hoto da sauti zuwa risiba, risiba ta riƙe sauti ta ba lasifikoki, ta wuce da hoto zuwa talabijin. Talabijin shi ne maƙurar tafiya: yana karɓa, ba ya bayarwa. A kan wannan fahimta aka ƙera wayar HDMI, wadda kamfanoni bakwai, ciki har da Sony da Philips da Toshiba da Hitachi, suka fitar da ƙa'idarta ta farko a watan Disamba na 2002.

Da aka sanya intanet da manhajoji a cikin talabijin, sai lamarin ya juye. Fim yana shigowa cikin akwatin kai tsaye, saboda haka talabijin ya zama mafari, risiba kuwa tana can sama da shi a kan kogin. Kafin lasifikoki su yi magana, dole sauti ya koma baya, daga talabijin zuwa risiba, kuma wayar HDMI ta asali ba ta da wannan hanya. Haka abin yake ga tashoshin da talabijin ke kamawa da eriyarsa da finafinan da aka sa masa ta filashi. Duk hanyoyin da ke tafe amsa ce ga tambaya guda: ta ina sauti zai koma?

Hanya ta Farko: ARC da eARC

A 2009 aka fito da HDMI 1.4, wanda ya zo da abin da ake kira ARC, wato hanyar mayar da sauti. Bakin wayar HDMI yana da tsinke 19. Sai aka ba wa tsinke na 14, wanda a da ba a amfani da shi, aikin ɗaukar sauti a kishiyar alƙibla. Ta haka waya ɗaya ke kai hoto ga talabijin ta kuma dawo da sauti ga risiba. Ga matakan haɗawa:

1. A kashe talabijin da risiba, a cire su daga soket.

2. A duba bayan talabijin a nemo kafar HDMI da aka rubuta wa ARC ko eARC. Galibi ɗaya ce tak a cikin kafofi uku ko huɗu, sauran kuwa ba sa mayar da sauti.

3. A bayan risiba a nemo kafar fita, wadda ke ɗauke da rubutun OUT da ARC. Kafofin da aka rubuta wa IN na dikoda da na'urar faifai ne. Jona talabijin a ɗayansu shi ne kuskuren da aka fi yi.

4. A haɗa kafofin biyu, a kunna na'urorin, a kunna CEC a cikin saitin kowacce.

5. A cikin saitin sauti na talabijin, a sauya mafitar sauti daga lasifikar akwatin zuwa risiba.

6. A risiba kuma a zaɓi shigar da aka yi wa suna TV.

Mataki na 4 yana buƙatar ƙarin bayani. CEC wata 'yar hanya ce da ke kan tsinke na 13, wadda na'urori ke yi wa juna magana ta cikinta. Ta nan ne risiba ke shaida wa talabijin cewa a shirye take ta karɓi sauti, kuma ta nan ne rimot ɗin talabijin ke iya ƙara ko rage ƙarar risiba. Idan CEC na kashe a ɗaya daga cikin na'urorin, ARC ba zai tashi ba. Abin da ke rikita mutane shi ne kowane kamfani ya raɗa masa suna nasa: Samsung na kiransa Anynet+, LG na kiransa SimpLink, Sony na kiransa Bravia Sync, Panasonic na kiransa Viera Link, Philips kuma EasyLink.

A watan Nuwamba na 2017 aka fito da HDMI 2.1 tare da eARC, wanda ya faɗaɗa hanyar ƙwarai, kuma bai dogara da CEC ba wajen gano risiba. Kafin a ci moriyarsa sai talabijin da risiba duka suna da shi. Idan ɗaya ce kawai ke da shi, sukan koma amfani da ARC na da.

Hanya ta Biyu: Wayar Haske

Idan risiba ta girmi ARC, sai a nemi wayar haske, wadda kamfanin Toshiba ya fito da ita a 1983 da sunan TOSLINK. A cikinta babu tagulla. Zaren roba ne mai ɗaukar jan haske da ke ƙyaftawa da sauri, kuma ƙyaftawar ita ce saƙon. Ana jona ta daga kafar fitar haske ta talabijin zuwa kafar shigar haske ta risiba, sannan a zaɓi wannan shiga a risiba. Sabuwar waya takan zo da 'yar hula a kowane baki, wadda dole a cire. Bai kamata a lanƙwasa ta da ƙarfi ba, domin zaren na iya karyewa. Da yake haske ne ke tafiya, wannan hanya ba ta ɗauko gunjin lantarki. Illarta ita ce ba ta ɗaukar CEC, saboda haka galibi sai an riƙe rimot biyu.

Hanya ta Uku: Wayar Ja da Fari

Tsofaffin amfilifaya da yawa ba su da HDMI, ba su da kafar haske. Irin waɗannan ana iya ba su sauti daga kafar abin saurare na kunne mai faɗin milimita 3.5, da waya mai ƙarewa da bakin ja da fari. Idan talabijin ba shi da wannan kafa, akwai 'yar ƙaramar na'ura mai juya saƙon haske zuwa na ja da fari. Rassa biyu kawai ake samu ta nan, hagu da dama. Bluetooth ma rassa biyu yake bayarwa, kuma yakan jinkirta sauti, don haka bai dace da kallon fim ba sai in babu wata mafita.

Lissafin Faɗin Hanya

Ɗalibi na iya gane bambancin waɗannan hanyoyi da ɗan lissafi. Domin a mayar da sauti lambobi, ana auna igiyarsa sau 48,000 a daƙiƙa, kowane awo a rubuta shi da ɗigon bayani 16, wanda ake kira bit. Wannan shi ne tsarin PCM, wato sautin da ba a dunƙule ba. Rassa biyu suna buƙatar 48,000 × 16 × 2, wato bit 1,536,000 a daƙiƙa. Rassa shida kuwa suna buƙatar 48,000 × 16 × 6, wato bit 4,608,000. Wayar haske da ARC an tsara su ne a kan ma'aunin rassa biyu na PCM, saboda haka rassa shida ba sa wucewa a buɗe. Dabarar Dolby Digital ita ce ta zubar da sassan sautin da kunne ba ya lura da su, ta dunƙule rassa shida cikin abin da bai wuce bit 640,000 a daƙiƙa ba, sai su wuce cikin sauƙi. Shi kuwa eARC yana ɗaukar rassa 8, awo 192,000, bit 24, wanda ya kai bit 36,864,000 a daƙiƙa.

Wannan lissafi shi ne ke nuna abin da za a zaɓa a saitin talabijin. Idan aka zaɓi PCM a kan ARC ko wayar haske, rassa biyu ne za su isa risiba. Mai son 5.1 sai ya zaɓi abin da wasu kamfanoni ke rubutawa Bitstream, wasu Auto, wasu Dolby Digital, domin talabijin ya miƙa dunƙulallen sauti risiba ta warware da kanta. Amma mai amfani da 'yar na'urar juya haske zuwa ja da fari dole ya zaɓi PCM, in ba haka ba sai shiru ko shuuu, domin yawancinsu ba su san warware Dolby ba. Dolby Atmos, wanda ya fito a 2012, ba ya bin wayar haske ko kaɗan.

Matsaloli da Maganinsu

Idan babu sauti sam, a sake duba kafofi da CEC, sannan a cire na'urorin biyu daga wuta na ɗan lokaci a mayar, domin su sake gabatar da kansu ga juna.

Idan lasifikokin baya sun yi shiru, a duba ko an bar saiti a kan PCM. A kuma tuna cewa shirin da aka ɗauka da rassa biyu, kamar yawancin bidiyon YouTube, ba shi da abin da zai ba lasifikokin baya, sai dai risiba ta ƙirƙiro musu.

Idan murya ta riga motsin leɓe, dalili shi ne gyaran hoto yana cin lokaci fiye da gyaran sauti. Risiba tana da saitin jinkirta sauti da ɓangaren daƙiƙa. A riƙa ƙarawa har baki da murya su daidaita.

Idan sauti ya rasa kauri, a duba wayoyin lasifika: ja ga ja, baƙi ga baƙi. In aka juya na guda, faifanta zai riƙa ja baya lokacin da na 'yar uwarta ke turawa gaba, sai igiyoyin biyu su kashe juna.

Akwai kuma gargaɗi ga mai sayen risibar gwanjo. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, a Nijeriya da Nijar kuwa tsakanin 220 da 240 take. Risibar da aka ƙera domin bolt 120 kaɗai za ta ƙone idan aka jona ta ba tare da taransifoma mai rage wuta ba. A karanta rubutun da ke bayanta kafin a kai ta soket.

Kammalawa

Duk wanda zai haɗa waɗannan na'urori, ya fara da gano inda sauti ya samo asali, da kafar da zai fita, da kafar da zai shiga, da kuma ko hanyar tana da faɗin da zai ɗauke shi. Idan na'urorin biyu suna da eARC ko ARC, shi ne zaɓi na farko. In babu, wayar haske. In ita ma babu, wayar ja da fari.

Tambayoyi Domin Aji

1. Me ya sa sautin dikoda ke fita ta risiba alhali na manhajar cikin talabijin ba ya fita?

2. A lissafa tsawon igiyar sauti mai girgiza 1,000 a daƙiƙa, a kwatanta shi da na mai girgiza 50.

3. Faifan CD yana da awo 44,100 a daƙiƙa, bit 16, rassa biyu. Bit nawa yake buƙata a daƙiƙa ɗaya?

4. Malami ya jona lasifikoki biyu daidai, ya fuskantar da su ga juna, ɗalibai su saurara. Sannan ya kashe na'ura, ya juya wayoyin guda, a sake saurare. A rubuta bambancin da aka ji da dalilinsa.