Darasi: Kafin Mu Sake Waya

'Yan'uwa manoma, kada mu kai kuɗin albasa kasuwar Jega domin wayar da ta fi sheƙi. Mu fara zaɓen layi tukuna. Mu gwada MTN, Airtel da Glo a nan Liba, a gida da fadama. Wanda ya kama, shi ne namu.

Sa'an nan mu nemi waya mai sim biyu da babban batir, gama wuta ba ta da tabbas. A 2025 an ƙara kuɗin data, saboda haka mu danna *312#, mu kwatanta na mako da na wata.

Wanda ya ji farashin Aliero da sassafe, dillali ba zai cuce shi ba.

Tambaya: Buhu nawa ne kuɗin wayar da datar shekara?