Haihuwa da Ci-rani: Yadda Garuruwan Tasawa da Mayahi ke Cika da Raguwa

Yawan mutanen gari yana sauyawa ta hanya biyu: ratar da ke tsakanin haihuwa da mutuwa, da kuma ratar da ke tsakanin masu shigowa da masu fita. A Tasawa da Mayahi, da ke jihar Maradi, haihuwa ce ke kan gaba. Binciken lafiya na 2012 ya nuna cewa a matsakaici mace a Nijar tana haifar ƴaƴa 7.6, a jihar Maradi kuwa 8.4. Mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta ragu daga 318 cikin dubu a 1992 zuwa 127 a 2012. Ko baƙo ɗaya bai sauka ba, gari zai ci gaba da cika.

Ƙaura kuwa baki biyu gare ta. Idan damina ta gaza, kamar a 1984 da 2004, ƙauyuka kan kwararo cikin gari neman abinci da aikin ƙodago. Gonakin gado ma sun tsuke saboda rabo. Amma da zarar an kai gero rumbu, samari sai su kama hanyar ci-rani zuwa Maradi, Kano, Legas, Agadez ko Libiya. Wasu su dawo da ruwan farko, wasu su zauna can.

Ƙidaya ta nuna sakamakon. Tsakanin 2001 da 2012, birnin Tasawa ya tashi daga mutum kimanin 31,000 zuwa 43,000, yayin da Maradi ta tashi daga 148,000 zuwa 267,000. Tasawa ba ta kai saurin ƙaruwar ƙasa baki ɗaya ba, wato kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, alamar cewa tana haifa, wasu birane suna karɓa. Tun 1927, da Turawan Faransa suka mayar da mazaunin mulki daga Tasawa zuwa Maradi, sannan cinikin gyaɗa ya bunƙasa a can, jama'a suka karkata wajen.

Shi ya sa ma'aikatar magajin gari ke buƙatar lissafi sahihi. Ajin makaranta, famfo da gidan likita duk a kan adadin mutane ake tsara su. Yaron da ba a yi wa takardar haihuwa ba, da mamacin da ba a rubuta ba, suna ɓata wannan lissafi. Ɗan ci-rani ma wajibi ne maigida ya ambace shi ranar ƙidaya, domin damina na dawo da shi.