Ya Shigo Kano Zai Zama Mawaƙi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wata huɗu ke nan da ladaninmu ya ce min akwai wani yaro da ke kwana a barandar masallaci. Ya ce ba ɓarawo ba ne, don takalmin kowa bai taɓa ɓata ba, amma sai wajen ƙarfe uku na dare yake shigowa, da Asuba kuma sai an yi da gaske yake tashi. Na ce a tsayar min da shi in an idar da salla.

Shekararsa 21, daga wani ƙauye a Jigawa. Tun yana Islamiyya aka san muryarsa, shi ke jan baiti ranar walimar sauka yara na amshi. Ya sayar da tumakinsa biyu, ya sauka a tashar Yankaba da 'yar jakarsa da littafin rubutu cike da baitoci. Wani da suka haɗu a Facebook ne ya ce masa ya taho, akwai hanya. Da ya iso ya kira, lambar a kashe. Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, kuma ba zan ambaci sunansa ba.

Na san abin da wasunku za su fara cewa: Malam, ai sai ka faɗa masa waƙa haramun ce ya koma gida. To, na faɗa masa abin da na sani. Jumhurun malamai, har da mazhabobin nan huɗu, sun hana kayan kiɗa in ban da mandiri a wajen biki, Ibnu Hazmi da wasu kaɗan suka saɓa musu. Waƙar baka kuwa hukuncinta yana bin abin da aka faɗa a cikinta, ga Hassanu ɗan Sabit nan yana waƙa a masallacin Madina. Ni ina tare da jumhur. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Malam, da wace fuska zan koma? Tumakin ma an ci kuɗinsu."

Ba zai koma ba, kuma irinsa kullum sauka suke yi a tashoshin garin nan. Me za mu gaya wa wanda ya riga ya shigo?

Ya kamata ya san inda ya shigo tukuna. Harkar fim ɗin Hausa ta bidiyo ta faro ne da Turmin Danya a 1990, gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, ofisoshi da situdiyo suka yi yawa a Titin Gidan Zoo. Da can kuɗin a kaset da faifan CD suke. Satar fasaha da tura fim ta waya suka karya wannan kasuwa, harka ta koma YouTube da tashoshi irin Arewa24 da ta fara aiki a 2014. Ga sabon shiga, ma'anar wannan ita ce ba mai biyansa don ya yi waƙa. Shi ne ma zai biya kuɗin situdiyo. In ba shi da su, sai ya raɓu da wani ubangida ya zama yaron gida: ya share ofis, ya sayo abinci, ya riƙe jaka a lokeshan, da fatan wata rana a ba shi makirfo.

A nan abin yake. Yaron nan ya ba ni labarin ubangidansa na farko. Wata rana aka kawo aikin waƙar habaici, wata mata ce ta biya a ci mutuncin kishiyarta a wajen biki, aka ce shi zai rubuta. Zuciyarsa ba ta so, amma ya rubuta. Na ce me ya sa? Ya ce, "Malam, wanda ya saya maka garau-garau da rana, ta yaya za ka ce masa a'a da daddare?" Wallahi tun ina jami'a nake karanta babin kame kai daga abin hannun mutane, ban taɓa jin sharhinsa irin na bakin yaron nan ba.

Shi ya sa na karanta masa ƙissar Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya ƙara masa yarda, wadda ta zo a Sahihul Bukhari. Ya iso Madina bayan hijira ba shi da komai. Annabi Sallallahu Alaihi Wasallama ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Sa'adu ɗan Rabi'u, ɗaya daga cikin mawadatan Ansaru. Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, har ya ce zai saki ɗaya daga cikin matansa biyu ya aura in ta gama idda. Abdurrahman ya sa masa albarka a dukiya da iyali, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Aka nuna masa kasuwar Banu Ƙainuƙa'a. Ya shiga ya fita, ya dawo da ribar cuku da man shanu. Ba a jima ba ya yi aure, ya biya sadaki da zinare daga guminsa.

Ku lura da kyau. Kyautar Sa'adu halal ce tsantsa, daga sahabi, ba ƙugiya a jikinta. Duk da haka baƙon ya zaɓi cuku da man shanu. To ina ga kyautar da ka san gobe za a tuna maka ita? Ba ina cewa duk ubangida mugu ba ne. Na san 'yan harkar nan da ba a raba su da sahun gaba, sun riƙe yara da amana har sun yi musu aure. Amma ko a hannun nagari kake, matuƙar cinka da kwananka duk daga aljihu ɗaya suke fitowa, ranar da aka kawo aikin da bai dace ba bakinka zai yi nauyi. Don haka ɗan'uwa, kafin ka nemi a nuna maka situdiyo, nemi a nuna maka Kantin Kwari, ko kasuwar waya ta Farm Centre, ko shagon tela. Dako ma sana'a ce.

Sai maganar rubutu. Waƙoƙi uku aka cira daga littafin yaron nan, wani ya hau kansu, ba sunansa ba ko sisi. Da ya yi magana aka ce ai koyo yake. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A fiƙihunmu kuma, sharaɗi ne a ijara a san lada tun kafin a fara aiki. Irin "yi kawai, za mu ga abin da ya samu" ɗin nan jahilcin lada ne, kuma shi ke haifar da rigimar da ake kawo mana sulhu. A yanka kuɗi, a rubuta ko da a saƙon waya ne, a sa mutum biyu su ji. Kunya ta sa yara da yawa asara a garin nan.

Akwai kuma abin da samari ba sa son faɗa, wato kewar gida. Shi ma bai faɗa ba, sai da na tambaye shi yaushe rabonsa da kiran mahaifiyarsa. Ya sunkuyar da kai. Wata biyu. Ya riga ya tura hotonsa jingine da motar wani, ƙauye duk an ɗauka ya samu, yanzu tsoron kira yake kada a ce ya aiko da na taki. Na ba shi labarin Bilalu da Sayyidina Abubakar, yadda zazzaɓin Madina ya kwantar da su farkon zuwansu, Bilalu in ya ɗan sami sauƙi sai ya riƙa ambaton kwarurukan Makka da tsirranta saboda bege. Annabi Sallallahu Alaihi Wasallama bai yi musu faɗa ba, addu'a ya yi Allah Ya sa musu son Madina kamar son Makka ko fiye. Kewa ba aibi ba ce. Hoton motar nan ne ya tsare masa hanyar kiran uwarsa. A gabana ya kira ta, na tashi na ba su wuri.

(Wani abu da na gano a hirar: ashe duk watannin nan kasaru yake yi, wai shi matafiyi ne. A mazhabar Malikiyya, da zarar ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, cika salla ya hau kanka. A kiyaye.)

In 'ya mace ce ta shigo a haka, duk abin da na faɗa ku ninka shi, musamman masauki, don wanda ya ba ta ɗaki ya fi wanda ya ba ta abinci iko a kanta. Iyaye, in har kun kasa hana ta, kada fushi ya sa ku yanke waya. Ku san gidan da take da wanda take hannunsa, a samu ɗan'uwa ko 'yar'uwa a gari da za ta sauka wajensu.

Mu ma limamai da masu unguwa akwai namu. Yaron nan sati shida yana kwana a masallacin da nake limanci ban san sunansa ba. A huɗuba mun iya sukar 'yan fim, amma Ansaru da baƙi suka zo musu masauki suka fara ba su.

Yanzu yana koyon gyaran waya a wajen wani ɗan kwamitin masallacinmu, su uku suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki. Ran Asabar yana zuwa situdiyo da kuɗin aljihunsa, kuma sau biyu ya mayar da aikin da bai kwanta masa ba. Batun kiɗa har yau ba mu daidaita ba, muna kan tattaunawa. Ya ba ni aron littafin baitocin na karanta, akwai ƙasida ɗaya a kan mahaifiya da na ce ya gyara amsa-amonta ya karanta mana ranar walimar saukar ɗalibanmu.

Masu tambaya a kan hujjojin kowane ɓangare game da kayan kiɗa, za mu zo musu a darasin Alhamis in sha Allahu.

Wallahu a'alam.