In Kwanson Harsashi Ya Maƙale Cikin Bindiga

Da dawa ta fara nuna, birai da gadu suka soma ɓarna, sai manomi mai lasin ya ɗauko bindigarsa daga inda ya jingine ta tun bara. Ya harba sau ɗaya, ya ja sakata, kwanso ya ƙi fita. A nan ne mutane da yawa su kan lalata bindiga mai tsada da hannunsu, waɗansu ma har su ji wa kansu ciwo.

Ga abin da ke kawo wannan. Kwanson harsashi na tagulla ne. Sa'ad da albarushi ya kama, tagullar ta kan kumbura ta manne da bangon ɗakin harsashi, watau inda harsashi ke zama a gindin bututun bindiga, sa'an nan ta ɗan saki. In ɗakin sumul yake, ƙugiyar da ke jikin sakata ta jawo kwanson ba wuya. Amma in laimar damina ta sa tsatsa ta ci shi ya yi ƙananan ramuka, tagulla ta kan shige cikinsu ta riƙe gam. Dauɗa ma ta kan yi haka, da sa harsashin da ba na bindigar ba.

Kafin a taɓa kome, wajibi ne a tabbata harsashin ya tashi. In an ja kunama ba a ji ƙara ba, to, yana nan da ransa, ko da an ga alamar bugu a gindinsa. Sai a riƙe bakin bindiga wajen da ba mutum ba dabba, a dakata kamar minti 1, don wani ya kan yi jinkirin tashi. In irin wannan ne ya maƙale, kada a kuskura a zura masa kome ta baki. Mai yin haka ya ɗora hannunsa kan hanyar harsashi ke nan. Wannan aikin gwanin gyaran bindiga ne, a kai masa, a kuma faɗa masa tun daga ƙofa akwai harsashi ciki.

In kuwa ya tashi, kwanso ne kaɗai ya rage, sai a cire sauran harsasai duka, a zare sakata, a bar bindiga ta huce. A tsai da ita bakinta sama, a ɗiga kananzir ko man keke kaɗan cikin bututu, a bar ta ta kwana. Da safe a nemi sandar tagulla miƙaƙƙiya wadda ta kusa cika bututun, a zura ta ta baki a hankali har ta taɓa gindin kwanson daga ciki. A ɗaga ta kamar inci 3 a sake ta, nauyinta ya yi aikin. Sau da yawa kafin a yi haka sau 10 ya faɗo. Kada a yi da kara ko sandar itace, domin ta kan tsage ta cushe, a bar ɗaya ana fama da biyu.

Wani lokaci gindin kwanson ya kan gutsure ya biyo sakata, ya bar sauran a ciki kamar zobe. Tsohuwar bindigar nan ta Ingila mai harsashin .303 ta kan yi haka, balle in an sake ɗura tsohon kwanso. Sanda ba ta da amfani a nan, wucewa za ta yi. Sai a tura buroshin tagulla na goge bindiga, wanda ya ɗan fi kwanson kauri, ta baya, a jawo shi da ƙarfi. Gashinsa ya kan kama kwanson ya fito da shi. In ya ƙi, a kai wa gwani. Ƙusa da tsinin wuƙa su ne abin da hannu ke fara kaiwa, amma duk ƙarzanen da suka bari, nan kwanso na gaba zai kama. Wuta kuma ba a kai ta kusa, tana ɓata ƙarfen.

Bayan ya fita, a leƙa bututun ta baya wajen haske, a tabbata ba abin da ya saura. A goge ɗakin da tsumma mai tsabta har ya bushe sarai, don ba a harbi da mai a cikinsa. Kwanson kuwa kada a yar da shi tukuna. In an ga jikinsa da ƙuraje ko zane, hoton bangon ɗakin ne ya ɗauko, sai a haɗa shi da bindigar a nuna wa mai gyara kafin a sake sa mata harsashi.