Darasin Ilimi: Wane Lissafi Ɗanku Zai Ɗauka a Ajin Ƙarshe?

'Yan uwa iyaye da ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa a kan zaɓen lissafi ne ga yaran da suka gama Fom 5 za su shiga aji shida. Da yawanmu a nan Minawao mun saba da tsarin Najeriya, mu ga kamar lissafi guda ɗaya ne kowa ke rubutawa. A tsarin Ingilishi na Kamaru abin ya bambanta, kuma zaɓin da yaro ya yi a mako guda na watan Satumba yana iya buɗe masa ƙofar jami'a ko ya rufe ta.

Yadda tsarin yake

Bayan shekara 5 a sakandare, ɗalibi yana rubuta jarrabawar GCE matakin O. Daga nan sai shekara 2 a aji shida, na ƙasa da na sama, sannan ya rubuta matakin A. Hukumar GCE da ke Buea ce ke shirya su duka. A matakin A ɗalibi ba ya wuce darasi 5, kuma sai ya ci aƙalla 2 kafin a ce ya yi nasara. Sakamako A maki 5 ne, B 4, C 3, D 2, E 1. Ƙasa da haka babu maki.

Ku lura da wannan: darussan da za a rubuta a ajin ƙarshe tun farkon aji shida na ƙasa ake zaɓensu. Wanda ya bari sai shekarar ƙarshe ya ce zai sauya, karatun shekara guda ya riga ya wuce shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Lissafi iri uku

Na farko, lissafi haɗe da ilimin motsi. Bayan aljabara da kalkulas, ɗalibi yana koyon yadda nauyi da ƙarfi da gudu suke aiki, misali irin ƙarfin da igiya ke ɗauka idan ana jawo guga daga rijiya. Yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da fizis. Shi ya dace da mai son aikin injiniya, gini ko lantarki.

Na biyu, lissafi haɗe da ƙididdiga. Aljabara da kalkulas suna nan, amma a maimakon motsi ana koyon tattara alƙaluma da fassara su, misali yadda ma'aikatan lafiya ke duba gida 100 su kimanta halin da dubban gidaje suke ciki. Shi ya dace da mai son tattalin arziki, akanta, kiwon lafiyar jama'a ko aikin gona.

Na uku, zurfafan lissafi. Ƙari ne da ake ɗorawa a kan lissafin da ɗalibi ya riga ya zaɓa, kuma shi ne mafi wuya. Yana taimaka wa mai shirin jarrabawar shiga makarantun injiniya, irin babbar makarantar fasaha ta Jami'ar Marwa, inda gurabe kaɗan ne masu nema da yawa.

Yaran da ke ɓangaren Faransanci su ma suna da nasu zaɓin: sashen C ya fi nauyin lissafi da fizis, sashen D ya haɗa lissafi da ilimin halittu, sashen A kuma na harsuna da adabi ne.

Misalin da za mu auna

A ce ɗalibai biyu ne, ƙoƙarinsu ɗaya. Ta farko ta ɗauki darasi 3, ta samu B a lissafi da ƙididdiga, B a kemistiri, C a ilimin halittu. Makinta 4 da 4 da 3, jimla 11. Na biyu ya ji an ce zurfafan lissafi ne ke burge jami'a, sai ya ɗauki darasi 5. Lokaci ya yi masa kaɗan, ya samu D ɗaya, E biyu, ya faɗi sauran biyu. Makinsa 4. Takardarsa tana ɗauke da darussa masu manyan sunaye, amma idan aka jera masu nema, yarinyar ce a gaba da nisa.

Wannan ba ya nufin a gudu daga wuya. Yaron da ya samu A ko B a lissafin matakin O, yana jin daɗin fizis, kuma akwai malamin da zai koyar da shi, kada a hana shi. Abin da muke cewa shi ne a ɗauki mafi ƙarfin lissafin da yaro zai iya ci da kyau, wanda kuma fannin da yake so ke buƙata.

Kada a rufe ƙofar gida

Babu wanda ya san ko ɗansa zai yi jami'a a Kamaru ko a Najeriya. A Najeriya, fannonin kimiyya, injiniya da tattalin arziki suna neman kiredit 5 a matakin O, ciki har da Ingilishi da lissafi. A jarrabawar JAMB, mai neman injiniya yana rubuta Ingilishi, lissafi, fizis da kemistiri. Mai neman likitanci yana rubuta Ingilishi, ilimin halittu, kemistiri da fizis, amma duk da haka sai da kiredit a lissafi. Saboda haka yaron da bai ci lissafin matakin O ba, ya sake rubuta shi, ko da ya riga ya shiga aji shida.

Batun kuɗin karatu

Tallafin DAFI, wanda gwamnatin Jamus ta fara a 1992 kuma UNHCR ke gudanarwa, yana ɗaukar nauyin digirin farko na 'yan gudun hijira a ƙasar da suka samu mafaka. Burin UNHCR shi ne kashi 15 cikin 100 na matasan 'yan gudun hijira su kai ga ilimi mai zurfi nan da 2030. Masu neman tallafin sun fi guraben yawa, kuma sakamakon jarrabawa na cikin abubuwan da ake dubawa. Mata da maza duka suna da damar nema, don haka kada a ce wa yarinya lissafi na maza ne.

Aikin gida

Ku zauna da yaronku cikin wannan mako ku amsa tambayoyi huɗu:

1. Wane aiki yake so ya yi, kuma wane lissafi aikin ke buƙata?
2. Me ya samu a lissafi da fizis a matakin O?
3. Akwai malami da littafin wannan darasi a makarantarsa?
4. Bayan ɗibar ruwa da sauran aikin gida, awa nawa ke rage masa na karatu, kuma akwai fitila?

Idan kun amsa, ku je tare da yaron wurin malamin lissafi kafin a rufe zaɓen darussa. Ku tafi da takardar sakamakonsa da katin rajistar iyali, ku tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kan duka biyun, domin saɓanin harafi ɗaya yana iya tsayar da takardar neman jami'a. Wanda ke da ƙarin tambaya ya zo ofishin ilimi na sansani, muna nan.